Minti Goma Sha Tara

A layinmu ana cewa Yaya Mai Agogo bai taɓa yin kuskure ba, sai dai duniya ta yi. Mai shayin bakin titi har gobe yana ba da labarin ranar da Yaya ya taka masa ƙafa, ya tsaya ya ƙare wa ƙafar kallo, ya ce, "Me ta zo yi a nan?" Matarsa, Allah ya jiƙanta, ta kan ce a shekara talatin da ɗaya da suka zauna, sau ɗaya ta ga bakinsa ya kama hanyar cewa "yi haƙuri", ta saki tsintsiya ta tsaya jira, ashe atishawa ce. Mai Kemis kuwa, wanda shagonsa ke manne da na Yaya, ba ya cewa komai. In an ambaci Yaya sai ya ɗaga ido sama, ya ci gaba da zuba ƙwayoyi a leda. Amma duk mai zaginsa, ran da agogonsa ya tsaya, wajen Yaya zai kai, don abin da ya gyara ba a sake gyara shi.

Ni matar ƙanensa ce. Shekarata ashirin da tara a gidan, ina da jikoki biyu, har yau Amarya yake ce mini. Maigidana tela ne, gemunsa ya yi fari fat, amma shi Yaya har yanzu Auta yake kiransa, ko a gaban masu kawo ɗinki. Kullum da safe kafin ya buɗe shago sai ya biya wajen Yaya, su sha shayi, su yi gardama. Gardamar ɗaya ce tun kafin a haife ni: wa ya fasa gilashin agogon aljihun Baba suna yara. Yaya ya ce Auta ne. Auta ya ce shi aka dai daka.

Ranar wata Talata ina shanya sai ga wayar Mai Kemis. Muryarsa kamar ta wanda ya hau bene da gudu. Ya ce in zo asibiti, kada in tsaya kulle taga.

Abin da ya faru shi ne, suna tsakiyar gardamar, Maigida ya ajiye kofi, ya ce, "Ni dai ba ni...", bai ƙarasa ba ya sulale ƙasa. Zuciyarsa ce ta tsaya. Mai Kemis ya ji ihun Yaya ya shigo, ya durƙusa ya dinga danna masa ƙirji har motar asibiti ta iso. Masu motar kuma suka buga masa lantarki sau biyu, zuciyar ta dawo. Shi ne bai dawo ba. Na same shi a ɗakin masu tsananin jinya, bututu a baki, inji yana yi masa numfashi, ƙafafunsa sun leƙo daga ƙarƙashin mayafi kamar na baƙo.

Likita ta kira mu wani ɗan ɗaki mai kujerun roba da fanka mai kukan tsufa. Yarinya ce, ba za ta girmi 'yarmu ta fari ba, tabaranta yana ta zamewa tana tura shi da bayan biro. Mu huɗu muka shiga: ni, Yaya, Mai Kemis, da Gwaggon yara, wadda ke tsakanin Yaya da Maigida, ta kuma fara kuka tun daga bakin ƙofar asibiti don kada a riga ta.

Likita ta ajiye wata takarda mai gurabe. Ta ce akwai lissafin da suke yi wa duk wanda zuciyarsa ta tsaya aka dawo da ita. An tattara labarin dubban irinsu, aka duba wa ya farka da hankalinsa, wa bai farka ba, aka ga abubuwan da suka bambanta su. Kowane abu da makinsa. Shekaru suna da maki. Irin rawar da zuciyar ke yi lokacin da aka same shi tana da maki. Yawan allurar da aka yi masa, da yadda jininsa ya yi tsami, duk da nasu. Yawan maki ba alheri ba ne.

"Ashe jarrabawa ce ta baibai," in ji Yaya.

"Kusan haka, Baba. Saura gurbi ɗaya, masu motar asibiti sun bar shi ba komai. Daga faɗuwarsa zuwa lokacin da aka fara danna ƙirji, minti nawa? Shi ne lokacin da jini bai je ƙwaƙwalwa ba sam. Kowane minti yana da nauyi."

Mai Kemis ya ce, "Ai ban daɗe ba, Likita. Ina jin ihu na fito."

"Minti goma sha tara," in ji Yaya.

Mai Kemis ya juyo gaba ɗaya da kujerarsa. "Sha tara? Daga nan zuwa nan? Bango ɗaya ne fa tsakaninmu!"

"Kana neman takalmi."

"Ba takalmi na shigo! Ga ƙafata!" Ya ɗaga ta, da gaske silifas ɗin asibiti ne a ciki.

"To kana neman sa ne ba ka samu ba."

Likita ta tambayi Mai Kemis ko ya duba agogo. Ya ce hannunsa biyu suna kan ƙirjin mutum, da wanne zai duba. Ta juya ga Yaya. Yaya ya gyara zama, ya ce shekararsa arba'in da huɗu yana gyaran agogo, ko tukunya ce ta faɗi a gabansa sai ya duba lokaci. Ya duba da Auta ya faɗi, ya duba da aka fara danna shi. Sha tara, babu rabi.

Likita ta ce wa Mai Kemis a hankali, a irin wannan tashin hankali mutane kan ga minti goma kamar ƙiftawar ido, shi ya sa suka fi riƙe maganar wanda ya duba agogo. Ta rubuta sha tara. Ta danna wayarta, ta tura tabarau, ta rubuta wata lamba a ƙasa ta zagaye ta. Karatuna a hankali yake, amma lamba uku ba ta gagare ni ba: ɗari biyu da biyar.

Ta ce, "Mama, wannan ba hukunci ba ne, hasashe ne. Amma cikin mutum ɗari masu maki sama da ɗari biyu, waɗanda ke farkawa su gane nasu ba su kai goma ba."

Sannan ta faɗi abin da ya fi nauyi. Suna zaton akwai jijiyar jini da ta toshe a zuciyarsa. A hawa na uku akwai babban likitan zuciya da ke zura siririyar waya ta hannu ya buɗe irin wannan. Wanda makinsa ke ƙasa da ɗari biyu, yau ake hawa da shi. Wanda ya haura, a kan jira a ga ko ƙwaƙwalwar za ta nuna alama tukuna, ita kuwa zuciya tana ta wahala a jiran. Ƙarfe uku babban likita zai sauko ya duba takardar, daga nan zai shiga wani dogon aiki, sai gobe.

Maki biyar. Ko a kasuwa a kan yafe wa mutum biyar.

Muka koma baranda muka jera kan benci, ƙarƙashin wani allo da aka rubuta a yi shiru. Kafin azahar dangi da maƙwabta sun cika wurin. Gwaggo ta share hawaye ta shiga aiki. Ta buga waya a aro kujeru, ta buga a share ƙofar gida, ta ce wa wani a waya, "Ai mutumin kirki ne, bai taɓa cin ƙyallen kowa ba." Na ce, "Gwaggo, yana nan fa yana numfashi." Ta ce, "Inji ne, Amarya. Ke ba ki ji makin ba?"

Mai Kemis ya koma can ƙarshen benci shi kaɗai, rigarsa ta bushe da shatin gumi. Duk wanda ya ji labarin sai ya waiwaya ya dube shi, ya dubi ƙafarsa. Har na ji wata tana cewa, "Minti sha tara saboda takalmi, kai jama'a." Bawan Allah ya tura ƙafafun ƙarƙashin benci.

Yaya kuwa duk wanda ya iso sai ya miƙe ya ba shi labari daga farko. Ni ba mai magana ba ce, a gidanmu ma a kan manta ina ɗaki. Sai na zauna ina ji. Ya bayar sau ɗaya, ya bayar sau biyu, kalma ba ta canja ba. "Yana faɗuwa na ɗaga kai, goma da minti bakwai. Na durƙusa na tallafe kansa, ina kira, ina kira. Wancan yana sa hannu a ƙirjinsa na duba, goma da ashirin da shida."

A karo na uku na daina jin bakinsa, na koma kallon hannunsa. In ya ce goma da bakwai, yatsansa sama yake nunawa, wajen saman ƙofa. In ya ce goma da ashirin da shida, sai yatsan ya yi ƙasa, daidai gwiwa, ta hagu. A karo na huɗu ma haka.

Na matsa kusa da shi. Na ce, "Yaya, agogo ɗaya ka duba?"

"Amarya, lokaci ɗaya ne a duniya."

"Na sani. Agogon nake tambaya."

"Agogo sittin da uku ne a shagona, kuma ba na ajiye maƙaryaci." Ya ɗaga murya don masu benci su amfana. Ya ce kowa ya san tsarinsa: wanda bai gyaru ba, tsayar da shi yake ya juya fuskarsa bango, kamar yaro mai laifi. Duk agogon da ke kallon mutane a shagon, an gyara shi, an gwada shi. "Je ki zauna ki yi masa addu'a, ki bar wa masu lokaci lokaci."

Na ce to. Na je na zauna, amma kusa da Mai Kemis. Na tambaye shi wa ya kulle shagon Yaya. Ya zaro makulli daga aljihu ya nuna mini, bai ɗago kai ba. Na ce ya raka ni. Ya ce da wane takalmi. Na ce da na asibitin.

Motar haya ta sauke mu ɗaya da rabi ta gota. Ban taɓa shiga shagon ba babu Yaya a ciki. Ɗaki ne siriri mai warin mai da ƙarfe, teburi ɗaya da fitila mai lanƙwasa, ƙananan sukurori a murafan kwalba. Agogo ta ko'ina, kowa na tafiyarsa, cak cak cak, kamar ana gulma. Waɗanda aka juya wa bango su bakwai, sun yi shiru. Kofuna biyu suna nan, ɗaya a teburi, ɗaya a ƙasa, shayin ya bushe ya bar taswira.

Na ɗaga kai. Babban agogon saman ƙofa ya ce biyu saura kwata. Mai Kemis ya duba wayarsa, ita ma haka ta ce. Na ce ya nuna mini inda kan Maigida yake. Ya nuna. Na tattara zane na durƙusa a wurin, gwiwoyina suna ƙorafi, na juya hagu yadda yatsan Yaya ke yi.

A kanta ta ƙasa, daidai idona, wani jan agogo ne mai ƙararrawa biyu a ka kamar kunnuwa. Yana kallon mutane, yana tafiya lafiya lau. Ya ce biyu da minti biyu.

Akwai 'yar takarda ɗaure da zare a ƙafarsa, da rubutun Yaya mai tsaye kamar sojoji. Na sa yatsa ƙarƙashin kalmomin na bi su ɗaya ɗaya. "Direba. A bar shi gaba da minti 17. Kada a taɓa."

Mai Kemis ya dafe kai da hannu biyu. "Agogon Direba! Wayyo ni, agogon Direba!"

Ya ce wani direban babbar mota ne mai nauyin barci, ƙarfe uku yake tashi ya kama hanya. Shi ya roƙi Yaya ya tura masa agogon gaba don ya riƙa tsorata kansa. Yaya ya ce a sa sha biyar. Direba ya ce a'a, sha biyar yana iya cire ta ko yana barci, sai ya koma ya kwanta. Sha bakwai kuwa kafin ya gama lissafi ya wartsake. Sati uku ke nan da gyara shi, Direba yana kan hanya bai zo ɗauka ba.

"Sha tara a cire sha bakwai," in ji Mai Kemis. Ya ƙirga da yatsu duk da ya sani. "Biyu. Minti biyu, Maman yara! Na ce ban tsaya neman takalmi ba!" Ya fara dariya, dariyar ta juye, ya juya fuskarsa bango shi ma, kusa da bakwai ɗin nan. Na ba shi ɗan lokaci, ba mai yawa ba. Na cusa jan agogon a jakata muka fito.

A hanyar komawa wata motar kaya ta mutu a tsakiyar titi. Mai Kemis ya fita da silifas ɗin asibiti ya taya turawa, ɗaya ya tsinke. Da ƙafa ɗaya a takalmi ya shiga asibitin.

A ƙofar ɗakin masu tsananin jinya muka ci karo da Sista mai kula da ɗakin, mace mai faɗi, wadda in ta tsaya a ƙofa ba a buƙatar ƙyaure. Na ce ina son ganin Likita. Ta ce Likita tana aiki. Na ce magana ce a kan takarda. Ta ce kowa a barandar nan maganarsa a kan takarda ce, in zauna. Ni kuma ban iya ɗaga murya ba, ban taɓa koya ba. Na tsaya ina neman kalmar da zan sa a gaba.

Sai jakata ta fashe da ƙara.

Ban san ƙaramin abu yana iya wannan ihun ba. Agogo ne da aka yi don tashin direba. Yaya ya bar ƙararrawar a ɗane yana gwaji, shi kuwa agogo bai san uku na rana da uku na asuba ba, ya ga uku ya kama aiki. Gwaggo ta yi salati ta zaci injin numfashin ne ya sanar da rasuwa. Wani tsoho mai sanda ya miƙe tsaye, abin da aka ce ya kwana biyu bai yi ba. Sista tana cewa "Kashe! Kashe!", ni ina lalube cikin jaka, hannuna na cin karo da makullai da man zafi. Likita ta fito a guje.

Yaya ne kaɗai bai firgita ba. Ya karkata kai kamar mai jin muryar ɗansa a cikin taro. Ya ce, "Wannan ai agogon Direba ne." Ya miƙo hannu, na ba shi, ya danna wani wuri, duniya ta yi tsit. Ya dubi fuskar agogon: uku daidai. Ya janye hannun riga ya dubi nasa: uku saura minti sha bakwai. Ya sake duban wannan, ya sake duban wancan.

Na juya ga Likita na ce, "'Yata, da ya faɗi, na saman ƙofa aka duba. Da aka fara danna shi, wannan aka duba." Na nuna mata 'yar takardar.

Ta karanta, ta tura tabarau, ta ce mu jira. Ta dawo da takardar masu motar asibiti tana bin ta da biro. Ta ce, "Baba, ƙarfe nawa ka ce an fara dannawa?"

Yaya ya ce, can ƙasa, "Goma da ashirin da shida."

"Su sun rubuta sun iso goma da ashirin da ɗaya, sun tarar ana dannawa, mai yi har ya jiƙe da gumi."

"Wataƙila agogonsu..." in ji Yaya. Bai ƙarasa ba. Ko shi ya ji ba ta zauna ba.

A nan tsaye, takardar a jikin bango, ta soke sha tara ta rubuta biyu. Ta danna waya. Ta soke ɗari biyu da biyar, ta rubuta ɗari da hamsin da bakwai. Ta ce, "Mama, har yanzu ba alkawari ba ne. Amma ya bar layin jira, ya shiga layin gaggawa." Ta juya ga Mai Kemis. "Kai ka riƙe masa ƙwaƙwalwa da hannunka. Da na tambayi ƙarfe nawa maimakon minti nawa, da na gane tun da safe. Kuskurena ne, ku yi haƙuri."

Haka kawai ta faɗe shi, kamar mai cewa a miƙo mata ruwa, ta wuce da sauri neman babban likita. Yaya ya bi ta da kallo kamar ta yi wani yare.

Gwaggo ce ta fara magana. "Yaya, ashe kai ne?"

"Agogon bai yi ƙarya ba," in ji Yaya. "Abin da aka ce ya faɗa, shi ya faɗa."

Uku da kwata aka wuce da Maigida hawa na uku. An samu jijiyar saura ƙiris ta rufe, aka buɗe ta, aka sa mata wani ɗan ƙarfe ya tokare. Likita ta ce yanzu sai jira, kwana uku aƙalla, a janye maganin barci a ga abin da ƙwaƙwalwa za ta ce da bakinta, don maki iyakarsa ƙofa.

A kwana ukun nan Yaya ya ba da haƙuri ta kowace hanya ban da baki. Ya hau benci ya sauko da agogon baranda, wanda ke baya da minti huɗu, ya gyara ba a sa shi ba. Ya gyara na hannun Sista. Ya ajiye mini wani ɗan agogon hannu a kan jakata, ya ce wai ya tsince shi a aljihun tebur yana cin wuri. Ya shiga shagon Mai Kemis karo na farko a shekara goma sha ɗaya ya sayi maganin ciwon kai. Mai Kemis ya ce, "Kanka na ciwo ne?" Ya ce, "Zai yi." Washegari Mai Kemis ya tarar da sababbin takalma a ƙofar shago, ba sunan kowa, sun yi masa kaɗan. Gwaggo kuwa ta sa aka mayar da kujeru, tana mita wai an sa ta ji kunya.

Ranar Asabar da hantsi Sista ta ce in riƙe hannunsa in kira shi. Na sunkuya na ce, "Baban yara." Shiru. Na ce, "Baban yara, mai rigar nan ta shuɗi ya zo har sau biyu." Ya matse mini yatsu. Da yamma aka cire bututun.

Ranar Litinin aka mayar da shi babban ɗaki mai gado takwas. Ya rame, muryarsa kamar ana jan buhu, haƙarƙarinsa biyu sun karye a hannun Mai Kemis. Ranar Talatar nan ta ɓace masa ɗungum. Mai Kemis ya zauna ya ba shi labarinta, da jan agogon a hannu don shaida. Maigida yana dariya yana riƙe ƙirji yana cewa, "Bari, don Allah bari, ka karya ni sau ɗaya ya isa." Yaya yana tsaye a ƙarshen gado yana nazarin silin.

Likita ta shigo zagaye. Ta ce za ta yi masa 'yan tambayoyi. Sana'arsa? Tela. Wannan fa? Ya dube ni ya ce, "Mai gidan." Ta nuna Yaya. "Wannan wane ne?"

Maigida ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce, "Wannan shi ne ya fasa gilashin agogon Baba."

Likita ta waiwayo gare ni, biro a sama. Na ce, "Rubuta lafiyarsa ƙalau."

Yaya ya yi gyaran murya. Ya ce tunda an taru, akwai bayanin da ya kamata a yi. Ya ce a sana'arsu a kan samu saɓani tsakanin agogo da agogo. Ya ce kanta ta ƙasa ba wurin ajiye irin wannan agogon ba ne, kuma laifin direbobi ne da ba sa zuwa ɗaukar kayansu. Ya ce shi durƙuso ma ba ya yi wa ido kyau.

"Yaya," in ji Maigida, "Likita na da marasa lafiya bakwai bayana."

Yaya ya dubi ƙasa. Leɓensa ya motsa, wani abu ya fito wanda ko sauro ba zai kira magana ba.

"Ban ji ba. Tun da aka buga mini lantarkin nan kunnena ke kuka."

Ya sake, ƙara kaɗan. Tsohon da ke gadon kusa, wanda ba ruwansa, ya ce, "Mu ma nan ba mu ji ba."

Na ɗauka zai juya ya fita, don na ga ƙafarsa ta nufi ƙofa. Sai ya tsaya. Ya kwance agogon hannunsa, abin da ban taɓa gani ba, wurin ya bar farin zobe a fatarsa. Ya sa shi a aljihu. Ya dafa ƙarfen gado da hannu biyu. Ya dubi Mai Kemis, ya dube ni, ya dubi ƙanensa, ya buɗe murya har Sista ta leƙo daga baranda.

"Minti biyu ne. Ni na duba ba daidai ba, na kuma ƙi ji. Maƙwabci, na ɓata maka suna, kai kuwa ka cece shi. Amarya, na kore ki, ke ce da gaskiya. Auta, saura kaɗan in kashe ka da bakina. Gilashin Baba ma ni ne, a kansa na zauna. Na yi kuskure. Don Allah ku yi haƙuri, ku yafe mini."